Ruwan Kansila

Sista Deborah ta ɗauki fo ta fita bayan aji ta zubar, tana danne amai da gefen ɗankwalinta. Ta daɗe tana aikin jinya tun barowarta Kafanchan, amma ba ta taɓa shiga wuri mai ƙarni irin wannan firamare ta wajen Ƙofar 'Yandaka ba.

Daminar da sojoji suka koma bariki ce. Ruwa ya yi ta zuba har gidajen ƙasa suka rushe, masai suka cika suka malala cikin rijiyoyi. Aka kwaso iyalai aka zuba su a azuzuwa, amai da gudawa ya biyo su.

Ƙungiyoyi suka haɗa kai yadda ba a saba gani ba, suka kafa kwamiti. 'Yan agajin masallacin Juma'a na ɗaukar marasa lafiya, Zumuntar Mata ta cocin su Deborah na girki, ma'aikatan jin daɗin jama'a suka kawo tabarmi da barguna. Sabon kansila kuwa, Alhaji Sammani, wanda ɗan kwangila ne kafin zaɓe, ya miƙe a taro ya ce a bar masa ruwa. Aka yi masa tafi.

Kullum da hantsi tankarsa ke shigowa, shuɗin fenti sabo fil, da ƙyallen kwamiti ɗaure a jikinta. Ruwan na warin magani har ya hau wa mutum kai. Direban, Tanko, yakan miƙa wa mata tiyo su cika randuna, shi kuma ya koma inuwar dalbejiya can nesa da butar da ya zo da ita.

Aka rufe rijiyoyi. Aka haƙa sabon masai. Ciwo bai lafa ba.

Deborah ba ta da shakkar dalili. Tana ganin yara na tsugunawa a bakin taga, uwaye na share musu da ganye su koma kan kwanon tuwo, ƙudaje baƙi ƙirin a kan tabarmi. Ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Abinci ma ta daina iya ci a wurin.

Ranar nan ta iske Hawwa, Bafulatana mai sayar da nono wadda ɗakinta ya faɗi, tana shayar da 'yarta Binta ruwan saman da ta tara a ƙwarya.

"Hawwa, kashe ta za ki yi? Ga ruwa mai tsabta an kawo miki har ƙofa!"

"Sista, raina ne bai kwanta da shi ba."

"Wai ranki bai kwanta ba!"

Deborah ta fizge ƙwaryar ta kifar. Ta ɗebo na randa a moɗa ta shanye a gaban kowa, ta sake ɗebowa ta ɗura wa yarinyar da hannunta.

Washegari idanun Binta sun faɗa, fatar cikinta in an ja ba ta komawa. 'Yan agaji suka tafi da ita asibiti. Hawwa ta bi bayansu ba takalmi, ko kallon Deborah ba ta yi ba.

Kwamiti ya zauna. Aka ce ruwan ne ba ya isa, shi ya sa mutane ke koma wa na indararo. Aka wakilta Deborah ta roƙi kansila ya ƙara musu sawu ɗaya da yamma.

Bayan azahar ta hau acaɓa zuwa GRA, cikinta na ɗan murɗawa. Maigadi ya ce Alhaji na taro da manya.

"Direban fa?"

"Tanko? Ai da rana yana bakin ainihin aikinsa, ranki ya daɗe. Bi ta lungun nan, yana bayan gida na gaba."

Ta bi lungun. Ƙarar inji ta fara ji, sannan wari ya tare ta, wanda ya fi duk abin da ta shaƙa a firamare. Ta toshe hanci ta leƙa ta kan katanga.

Shuɗiyar tankar ce da ƙyallen kwamiti a jikinta, Tanko ya naɗe fuska da tsumma, tiyon da ke cika musu randuna kuwa ya nutse cikin ramin masai yana zuƙa.