Jakar Kwana Uku

Sikiru bai ko zauna ba da ya shiga shagon jakunkunan Hanifa a kasuwar Birnin Kebbi. Mako uku ke nan da mahaifinta ya hana shi aurenta, wai baƙo raɓa ne.

"Wancan nika so," ya nuna wani ƙaton akwati mai taya. "Ilorin za ni koma."

Hanifa ta dube shi, ta dubi akwatin. Sai ta sauko da wata 'yar jakar ratayawa mai kaurin igiya.

"Ga taka. Kaya kala biyu taka ci, ga aljihun waya da caja. Ta ishe ka kwana uku."

"Hanifa, kayana duka zan kwashe."

Ta sunkuyar da kai, murmushi na neman ƙwace mata. "Inna ta tuna ma Baba a garin ga anka yanke maka cibi. Yac ce ka ɗauko manyanka, ku same shi Argungu ran Juma'a."

Sikiru ya rataya jakar. Ta zauna masa cif a kafaɗa.

"Akwatin fa?"

"Bar shi nan," in ji ta. "Na lefe ne."