Takalmin magini a kan sawu

Yaya Tanimu, na ga hoton telan nan da ka turo zaurenmu na waya, an zagaye fuskarsa da jan layi, wai shi ya kashe maigidansa tunda kwana uku ke nan ba a gan shi ba. Kafin in gama karantawa har wani ya sa hoton ƙofar gidansu, wata ta ce ta san makarantar ƙanwarsa. Na san zafin rashin ne ya ɗebe ka. Amma ba ni aron hankalinka in kawo maka wani misali, in ya so ka yi hukunci da kanka.

Wani manomi ne aka tsinci gawarsa da hantsi a bakin gonarsa, bayan an tashi da yayyafi. Wata tsohuwa mai neman itace ce ta fara ganinsa. Ƙasa ta yi laushi, kusa da gawar kuwa ga sawun takalmi guda raɗau, wanda ba na mamacin ba. Tsohuwa ta yi abin da aka gada: ta kife ƙwaryarta a kan sawun, ta ɗora dutse, ta je ta shaida wa mai gari. Mai gari ya aika garin gaba a kira mai bin sawu, aka ce sai azahar zai iso. Aikin da ya rage wa jama'a jira ne kawai, shi ne kuma ya gagare su. Don an duba an ga maginin tukwane, maƙwabcin mamacin, ba ya gari, jakinsa ma babu. Aka tuna makon jiya sun yi cacar baki a kan ramin yumɓu da ke cin iyakar gonar. A bakin rijiya magana ta tashi da "ko dai", ta biyo ta mahauta ta zama "ai dama", kafin ta kai ƙofar masallaci an sami wanda ya gan shi yana wanke hannu a rafi. Dattawa biyu suka ce a dakata, aka ce musu ruwa ba ya tsami banza.

Gari ya ɗunguma gona, kowa da niyyar taimako, abin tausayin ke nan. Wani ya ɗaga ƙwaryar don ya gani da idonsa. Wani ya auna sawun da kara. Can daga bayan taro wata murya, wadda har yau ba a tuna ta wane ne ba, ta ce a ɗauko takalmin magini mana a gwada. Aka ruga gidansa, aka ture matarsa daga ƙofa, aka zo da tsohon takalminsa, aka ɗora a kan sawun, aka danna. Da aka ɗaga, sai ga sawu ya fito daidai da takalmi, har da ɗinkin dunduniya. Taro ya ɗauki salati. Samari suka koma suka farfashe tukwanen da ke shanya.

Mai bin sawu ya iso da azahar. Ya tsuguna ya duba ƙasa, sannan ya zagaya gonar ya dawo. Da aka nuna masa shaidar da aka samu, sai ya ce wannan sawun ɗazu ne, ko ɗigon yayyafi bai taɓa shi ba. Na asalin yana ƙarƙashi, ya tafi ke nan. Ya dubi mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, da safe ƙasar nan ta san wanda ya yi, da an bar ta da ta gaya mini kafin la'asar. Yanzu sawun gari ne kaf a nan. In na bi, kowa gidansa zan kai shi."

Shi kuwa magini kasuwar nesa ya kai tukwane tun asuba, kamar yadda ya saba. A hanyar dawowa ya tsaya shayar da jaki, ya ji fatake da ba su san shi ba suna labarin wani magini mai kisan kai da ake jira da sanduna. Ya juya kan jakinsa, bai sake taka garin ba, rashin dawowarsa ya zama hujja ta biyu. Wanda ya yi kisan, in ɗan garin ne, sawunsa ya shige cikin na jama'a ya huta. Matar mamacin ta tsufa a garin nan, duk namijin da ya gaishe ta, ƙafarsa take fara kallo.

Yaya, ban ce telan nan wankakke ne ba. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Amma mai shaidar da ya ga wulgawar wani ranar da abin ya faru, in ya kalli hoton nan sau ɗari a wayarsa, gobe fuskar tela zai tuna a gaban masu bincike, ya rantse kuma da zuciya ɗaya. Mun danna takalmi a kan sawu ke nan. Telan, in yana wani wuri da uzurinsa, ta wace ƙofa zai shigo gari yanzu? Ka goge hoton, ka ce wa mutanenmu mai labari ya kai wa hukuma. Iyalan mamacin gaskiya suke jira, kada mu tsawaita musu jiran. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.