Likkafani a Ɗakin Ƙyallaye

Barira, na leƙa ɗakin ɗinkinki ɗazu, ban sami inda zan sa ƙafa ba. Kada ki ce mini sai bayan salla za ki gyara, tun sallar bara nake jin haka. Ni gwaggonki ce, ba zan gani in yi shiru ba. Ɗauke buhun nan daga kan kujera in zauna, in ba ki wani misali.

An yi wata mata mai ɗinki, hannunta da kyau, duk unguwa wurinta ake kai kaya. Aibinta ɗaya, ba ta iya rabuwa da ƙyalle. In ta yanka atamfa, abin da almakashi ya bari, ko bai kai tafin hannu ba, sai ta cusa a buhu ta ce wata rana zai yi amfani. In ta ga leshi a kasuwa ya ba ta sha'awa ta saya, ba don wani ya ce a ɗinka masa ba. Maɓallai a gwangwanin madara, zare a kwanon sha, zif a ɗaure da tsumma. Akwai hular jariri da ta fara saƙawa da ulu, har jaririn ya shiga makaranta hular ba ta ƙare ba. Adaka ta cika, ƙarƙashin gado ya cika, buhuna suka hau kan juna har suka toshe taga. Ita kanta a kan wani buhu take zama ta taka keke, don kujerarta ta daɗe da nutsewa cikin kaya.

Uwarta kuwa tsohuwa ce. Da ta je Makka ta sayi farin yadi, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya a can, ta dawo da shi don ya zama likkafaninta. Ɗakinta na yoyo, ga gara, sai ta kawo wa 'yarta ajiya. Ta ce, "Ke ce mai yadi, ke kika san yadda ake ajiye shi. Ranar da aka nema, ki miƙa kawai." 'Yar ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a leda, ta sa a wuri mai kyau. A ranar ta san wurin. Sai ɗinkin salla ya zo, na biki ya biyo baya, ana ɗaga wannan buhu a ɗora kan wancan. Duk lokacin da tsohuwa ta tambaya sai ta ce, "Yana nan, Inna. Gobe ma zan gyara ɗakin in nuna miki."

Ran nan da hantsi tsohuwa ta cika. Kin san gawa ba ta jira. Aka yi mata wanka, maza suka haƙa kabari suka dawo suka zauna a ƙofar gida, makara na jingine a zaure. Aka ce a kawo likkafani. Mai ɗinki ta shiga ɗakinta tana hawaye, ta zazzage wannan buhu, ta zazzage wancan. Farin yadi kam ga shi nan birjik, ragowar kayan makarantar yara, shafin riguna, guntayen alawayyo, amma babu wanda ya isa ya rufe mutum, na Makka kuwa babu alamarsa. Mata suka shigo suna taya ta. Kafin a jima tsakar gida ta cika da ƙyallaye ja da kore da ruwan ɗorawa, kamar ana shirin biki, a gidan da ake makoki. Rana ta yi tsaka. Liman ya aiko, ya sake aikowa. Daga ƙarshe ƙanen mamaciyar ya tura kasuwa aka yanko alawayyo, aka ɗinka, aka kai ta makwancinta. Wanda aka sayo ɗin ya suturta ta, ba a ce bai yi ba. Amma ba shi tsohuwa ta ɗauko tun daga Makka ba, kuma amana ɗaya ke nan da ta taɓa ba 'yarta.

Da aka share makoki, mai ɗinki ta fitar da komai waje. Yadin da ya isa riga ta ɗinka wa marayun unguwa, ƙananan ƙyallaye ta ba masu cusa matashin kai, wanda ɓera ya ci ta ƙone. A lokacin rabuwa da su ta yi mata sauƙi. Sai da ta zo kan buhun da take zama a kai. A can gindinsa ta sami ledar, yadin fari fat, gara ba ta ko taɓa shi ba. Shekara da shekaru tana zaune a kansa tana cewa gobe.

To, Barira, ni ma likkafanina yana cikin adakata, kuma ke na so in ba ajiya, don ke ce mai yadi a gidan nan. Amma ba zan kawo ba sai na ga ƙasan ɗakin nan da idona, na ga taga ta buɗu. Abin da za ki ɗinka ki ajiye inda hannu zai kai, sauran ki bayar tun yana da amfani. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.