Ihun Ɗakin Baya

Ƙarfe ɗaya saura kwata Babakura ya tsayar da amalanke a ƙofar shagon Jibirin mai gyaran rediyo, ya sauke lasifikokin nan biyu da kansa. Dogaye ne kamar ƙyauren ƙofa, sirara kamar faifai, an naɗe su cikin bargo. Duk mai son sauti a Diffa ya san su. Wani Bature ma'aikacin agaji ne ya sayar masa da su da zai koma ƙasarsu, shekara shida ke nan.

Jibirin ya ɗaga bargon, ya dube su, ya dubi mai su.

"Sun lalace ne, Malam?"

"Lafiyarsu ƙalau. Musanya nake so. Ba ni baƙaƙen akwatunan can."

Akwatunan da ya nuna na gidan biki ne, duk sun sha duka. Jibirin ya fara dariya, da ya ga fuskar Babakura sai ya haɗiye ta. Babakura fa shi ne mai haɗa sauti a wani ƙaramin gidan rediyo na garin, mutumin da ya sha cewa irin waɗannan akwatuna hayaniya kawai suka iya. A gidansa ya janye nasa lasifikokin kamu uku daga bango, ya ajiye kujera guda a tsakiya. In ka zauna a kanta sai ka rantse mai goge yana gabanka, har numfashinsa kana ji. In ka karkata kai kaɗan, shi ke nan, ya ɓace.

"Ba su da ƙarfi," in ji Babakura, muryarsa a dishe. "In ka ƙure su sai fatar cikin ta kama rawa, na'urar ƙara sautin ta ɗau zafi ta mutu. Ni ƙara nake nema, irin wadda in ta tashi na waje ba ya jin komai sai ita."

"Saboda Kalifa ne?"

Babakura ya duba agogonsa.

Wata huɗu da suka wuce ya tafi garin Toumour taya danginsa tsinkar tattasai. Da rana tsaka ƴan bindiga suka faɗo gonakin, mutanen wurin suka watse, kowa da inda ya nufa. Tun da ya dawo ake jin ihu daga ɗakin baya na gidansa. Abin da unguwa ta sani shi ne ya taho da ƙanensa Kalifa, wanda ba ya iya ganin mutane.

Ihun yana da lokacinsa. A bayan katangar gidan akwai injin niƙan tattasai, kullum ƙarfe biyu ake tayar da shi, tat-tat-tat-tat, kamar ana ɓarin wuta. Babakura ya roƙi mai injin ya matsa gaba, mutumin ya ce kaka ce, buhuna na jiransa. Ya roƙi a sauya masa lokacin aiki a gidan rediyo zuwa safiya da yamma, aka sauya. Jiya ya ƙure lasifikokinsa har ƙarshe, ihun ya ratsa ta cikinsu ya kai bakin titi.

Yau da safe mai gidan da suke haya, Alhaji Alkali, ya tare shi a zaure. Ya ce mata sun tsorata, yara ba sa bin layin. In aka sake jin ihun nan ko sau ɗaya, da kansa zai zo da maza su buɗe ɗakin, su kai mara lafiyar inda ake ɗaure irinsa. Shugaban gidan rediyon yana tsaye a gefe, don a layin yake zaune.

"Ka bari gobe in gwada maka su tukuna," in ji Jibirin.

"Don Allah, Jibirin. Yanzu."

Babakura ya kama, suka ɗora akwatunan a amalanke. Bai ko waiwayi waɗanda ya bari jingine da bangon shago ba. Ya tura amalanken cikin rairayi da rana, gumi na shiga masa ido, ƙafar amalanken na nutsewa yana ciro ta. A bakin kasuwar tattasai wata babbar mota ta tare hanya, ya tsaya yana kallon agogo har ya ji kamar zai fashe da kuka.

Biyu saura minti goma ya shiga gida. Matarsa Yakaka ta riga ta kai yara gidan mahaifiyarta. Ta kama masa suka jera akwatunan a tsakar gida, bakinsu na kallon titi. Ya haɗa wayoyi, ya sa kiɗan ganga da algaita. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, kajin maƙwabta suka watse. Sauti ne mara daɗi, ba ka bambance ganga da tsawa.

"Za su isa?" Yakaka ta tambaya, sai da ta kai bakinta kunnensa.

"In aka fara ki murɗa har ƙarshe. Ko sunanki aka kira, kada ki buɗe."

Ta gyaɗa kai, makulli a hannunta, idanunta sun cika.

A bayan katanga injin ya yi tari sau ɗaya, ya yi sau biyu. Babakura ya cire takalmansa, ya shiga ɗakin baya, ya kwanta a tabarma ya danna fuskarsa cikin matashi, Yakaka ta ja ƙofar ta kulle shi daga waje. Ba kowa a ɗakin sai shi, domin Kalifa, da hannunsa ya binne shi a Toumour.