Kindirmon Baiko

A kasuwar Bune, Hamsatu ta rungumi bokitin kindirmon baikonta da Tukur.

"Garbai, buɗe min bayan motarka. Taka ce sanyin klim, na'urar sanyaya mota, ke kaiwa har baya. Kofur ɗin motar Tukur, wurin kayan baya, rufaffe ne, kafin mu kai Gure zai yi tsami."

Garbai, maƙwabcinsu mai kai mata kaya kowace kasuwa, ya kau da kai.

"Komai naki na ɗauka. Wannan kam ba zan iya ba."

Ta yi sororo. Bai taɓa furta mata yana son ta ba, to me ya sa gabanta ya faɗi?

Tukur ya leƙo daga motarsa. "Riƙe shi a gaba, akwai sanyi."

Ita ma ba ta san dalili ba, sai ta buɗe kofur ɗin motar Tukur, zafi ya bugi fuskarta, ta saka bokitin, ta rufe.