Ƙurar Bakin Taga

Ambulan bakwai Hussaina ta jera a kan tebur, kowanne da lamba da kwanan wata. Ɓawon fentin bango, tsatsar ƙarfen taga, ƙurar bakin taga, ruwan famfo a 'yar kwalba. Haka take aikin digirinta na uku, haka kuma ta ƙudurta za ta kai Mista Teoh, mai gidan da suke haya a unguwar Cheras, gaban alƙali.

Mubina 'yarta shekararta biyu da rabi. A da tana cewa "Ummi, makan", wato abinci da yaren ƙasar, in ta ji yunwa. Yanzu ta daina. Sai kuka da riƙe ciki. Likita ya ce gubar dalma ce a jininta, kuma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba lallai ya dawo ba. Ma'aikatan jinya kuwa duk wadda ta wuce sai ta tsaya ta yaba idanun yarinyar.

Ginin ya girmi Hussaina. Sau uku ta rubuta wa Mista Teoh kan fentin da ke zuba, sau uku ya amsa da "boleh, boleh", wato za a yi, bai turo kowa ba.

Sakamakon gwaji ya fito. Bango lafiya, ruwa lafiya. Amma ƙurar bakin taga, inda take zaunar da Mubina kowace safiya ta shirya ta saboda nan ne haske ya fi, cike take da dalma.

"Wannan ya isa mu fara," in ji Puan Khaulah, lauyarta. "In daga gidan ne, kuma an sanar da shi ya yi biris, alhakin na wuyansa."

Mista Teoh, tsoho da shi, ya zo har asibiti da ledar lemo. Ya ce 'ya'yansa huɗu a ɗakin nan suka tashi. Hussaina ba ta karɓi ledar ba.

Suka koma sabon gini, fentinsa ko shekara bai yi ba. Ta zubar da labule da katifa da kayan wasa. Daga Kano mahaifiyarta ta kira. "Kina dai kula mini da idon takwarata ko? In na wurinki ya ƙare ki faɗa, akwai mai tahowa."

"Kullum, Hajiya. Ban taɓa fashi ba."

Bayan wata biyu aka sake auna jinin. Dalmar ta ƙaru.

Puan Khaulah ta nemi ƙurar tagar sabon gidan, don a nuna wa kotu bambanci. Hussaina ta sharo ƙurar, ta sa mata lamba ta takwas.

Ranar Talata da hantsi lauyar ta kira, muryarta a sanyaye. "Puan Hussaina, ta takwas daidai take da ta tsohon gida. Sun ce ba dalmar fenti ba ce, garin dutse ne da aka niƙa, baƙi mai ƙyalli. Me kike ajiyewa a bakin taga?"

Hussaina na zaune a wurin, Mubina a cinyarta ta ɗaga fuska kamar yadda ta saba, abin da ake yi mata tun ranar suna. Ido ɗaya an gama. Tsinken kwallin da Hajiya ta niƙa da hannunta yana tsakanin yatsun Hussaina, ya nufi na biyun.