Maƙerin da Ya Iya Gaisuwa

Kai ma ka san kana yi, kada ka kau da kai.

Baba Ɗan'azumi ya taso daga Basirka zuwa Birnin Kudu ganin ɗansa Yahuza. Yahuza ya gaishe shi a tsaye, idonsa na kan wasan waya, yana hira da wani maƙeri na cikin wasan, wanda ƙirƙirarriyar basira ke ba shi baki.

Baba ya fizge wayar. "Kai kuma wane ne?"

"Sannu da zuwa, Baba," in ji maƙerin. "Ya hanya? Ya damina? Gero ya fitar da kai?"

Baba ya gyara zama, suka gaisa son ransa. Sannan ya zura wayar a aljihu, ya tsayar da ɗan acaɓa.

"Baba, wayata fa?"

"Ɗa na zo gani, na kuwa samu. Kai ka gaida mutan gidanku."

Tashi yanzu, je ka durƙusa ka gaida naka tsohon.